Mati Mahaƙi da Littafin Ragowar Mutane

A arewacin Babban Mutum, dab da iyakar Nijar, an yi wata ƙaramar unguwa mai suna Gidan Kabo. Gida goma sha huɗu ne, da masallacin zana, da rijiya ɗaya. Kabo ɗin da ya sari wurin shi ya haƙa rijiyar da hannunsa, kuma shi ne kakan Mati. Haƙa rijiya gadon gidansu ne. Tun Mati yana ɗan shekara goma sha biyar ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa, kuma kafin furfura ta fara fito masa ya ba ƙauyuka sama da ashirin ruwa a ƙasar Ɓaure. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Idan aka kai shi wurin da ake son rijiya, sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ɗanɗana a harshe, ya dubi itatuwan da ke wurin, sannan ya ce a haƙa ko a matsa gaba. Ba a taɓa jin ya ce a haƙa an tashi a banza ba.

Karatun boko da girmansa ya koya. Wani rani ya gurɗe a gwiwa, ya rasa abin yi, sai ya riƙa dogara sanda zuwa ajin yaƙi da jahilci a Babban Mutum. A hankali yake karatu, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi, amma ba ya tsallake kalma. Abin da ya dame shi shi ne rashin abin karantawa. Ƙanensa Zailani, wanda ke tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Ikko tun da kuɗin mai suka buɗe hanya, shi ya lura da haka. Da ya zo babbar salla sai ya miƙa masa wasu 'yan littattafai uku da ya saya a tasha, ya ce, "Yaya, ga wannan ka rage zaman banza. An ce ƙarya ce zalla, amma tana da daɗi."

Sunansu Ragowar Mutane, na ɗaya da na biyu da na uku. A bangon an zana jar rana, da mutane ɗauke da kaya a ka, da wani ƙarfe mai ƙafa shida yana bin su a baya. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda manyan ƙasashe suka yi yaƙi da makaman da suka ƙona sararin sama. Girgije ya daina haɗuwa, koguna suka ƙafe, birane suka zama kufai, injinan da aka ƙera don yaƙi suka ci gaba da yawo babu mai ba su umarni. Mutum arba'in suka rage a wani gari, shugabanninsu biyu: Sada, mai gyaran injin, da wata ungozoma mai suna Lami. Mati ya karanta na ɗaya, ya ajiye su cikin tukunya don kada gara ta ci.

Daminar shekarar alif ɗari tara da saba'in da biyu ta yi rowa. Ta saba'in da uku kuwa sau biyu aka yi ruwan kirki, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya ƙone a tsaye. Kafin rani ya yi nisa rijiyar Kabo ta koma taɓo. Mata su zura guga tun asuba, su fito da rabin ƙwarya na ruwa baƙi mai wari, a tace da ɗankwali a sha. Mutane suka fara gangarowa daga Nijar, da jakuna babu kaya, suna tambayar hanyar Kano.

Dattawan unguwa suka zo wurin Mati. Ya zaga kwana biyu, ya tsaya a wani kwari gabas da gari kusa da babban gawo, ya ɗanɗana ƙasa, ya ce, "Nan. Gaba ashirin, in Allah ya so."

Aka fara. Shi ne a ƙasa da diga, maza shida a sama suna jan igiya suna zubar da ƙasa. Babban mai jan igiyarsa Dabo ne, abokinsa tun suna yara, mai fataucin shanu, wanda yake da saniya talatin da ɗaya lokacin da aka soma haƙa. Idan rana ta take, ramin ya zama kamar tanda, sai a jawo Mati su zauna a inuwar gawo. Babu abincin rana, sai ɗan gayan fura da ake damawa da ruwa mai yawa. Don mutane su manta da cikinsu ne Mati ya ɗauko littattafan ya fara karanta musu, shafi biyar ko shida kullum.

Ba su taɓa barinsa ya yi nisa ba tare da an tsayar da shi ba.

"Dakata, Mati, koma baya," in ji Dabo. "Ya ce raƙuma da shanu rana ɗaya suka mutu?"

"Haka ya rubuta."

"To wannan bai taɓa kiwo ba. Saniya ke fara faɗuwa, sai tunkiya. Akuya tana nan tana cin ƙaya. Raƙumi kuwa sai ya ga bayanmu duka. Ci gaba."

Malam Sama'ila, limamin unguwar, tsoho ne siriri mai kaifin harshe. Ranar farko ya zo ya tsaya a gefe ya saurara, sannan ya ce, "Idan aka busa ƙaho babu wata ragowa. Wa ya ba ɗan boko izinin ya tashi duniya ya bar mutum arba'in?"

"Allah gafarta Malam, ba tashin ƙiyama ba ne," in ji Mati. "Mutane ne suka ƙona ta da hannunsu."

Malam ya ja carbi, ya ce, "Wannan kam za su iya." Daga ranar kullum yakan zo da buzunsa ya zauna ɗan nesa, ya juya musu baya kamar ba da su yake ba. Amma idan Mati ya rage murya, sai a ji ya yi gyaran murya.

Shi kansa Mati yana da abin da ya riƙe a kan marubucin. A littafi na uku, inda Sada ya fara haƙa rijiya, an ce ya yi gaba goma a yini ɗaya, ba tare da ya tokare gefen rami ba. Mati ya ce wannan ko aljani ba zai yi ba. Amma akwai wani shafi da ya karanta sau uku, inda Sada yake can ƙasa ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar faifai, ya ji numfashinsa yana dawo masa daga bango, ya ji kamar waɗanda ke riƙe da igiyarsa sun manta da shi. Mati ya rufe littafin ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa shiga, ko ya zauna da wanda ya shiga."

A gida, bayan la'asar, matarsa Haulatu takan sa ya maimaita mata abin da aka karanta. Suna da 'yan biyu mata, Hasana da Hussaina, waɗanda suka fara tasawa, da ƙaramarsu Auta mai shekara huɗu. An haifi wasu a tsakani, ba su zauna ba. Haulatu tana tsince ganyen tafasa busasshe tana saurare, ta ce, "Malam, su waɗannan arba'in ɗin, wa ke dafa musu? Kwana nawa ana tafiya ba a ce ga abin da yara suka ci ba."

"Ba a faɗa ba."

"Shi Sada yana da 'ya'ya?"

"Shi ma ba a faɗa ba."

"Ba shi da su," ta ce. "Da yana da su da an ji."

Littafi na uku ya ƙare a kan rabuwa. Lami ta ce ba za ta zauna yara su ƙare a bakin rami ba, ta ɗebi mutum ashirin da uku suka nufi gabas neman wani birni mai rufin gilashi da aka ce yana da ruwa. Sada ya tsaya da goma sha biyar suna haƙa. A ƙasan shafin ƙarshe aka rubuta cewa sauran labarin yana cikin na huɗu. Ranar da Mati ya karanta wannan, rijiyarsa tana gaba goma sha tara, kuma da safiyar nan digarsa ta bugi dutse.

Ba marmara ba ce da ake fasawa da haƙuri. Baƙin dutse ne, diga na taɓa shi tana tartsatsi. Ya yi mako biyu yana sara bai ci kamu ɗaya ba. Ya hura wuta a kansa don ya tsage, hayaƙi ya kusa kashe shi, aka jawo shi a sume. A sama kuwa shanun Dabo suna faɗuwa, yau biyu gobe uku, har mahauta suka daina zuwa dubawa. Hira a gindin gawo ta canza. Yanzu ba a gardama kan raƙuma. Wannan ya ce Lami ce mai hankali, wancan ya ce birnin gilashin nan wa ya taɓa ganinsa. A cikin gari, idan aka ga wani yana ɗaure kaya, sai a ce ya bi Lami. Babu mai dariya idan an faɗa.

Aka yanke shawara Mati ya je Daura ya nemo nakiyar fasa dutse. Ya sa littafi na uku a aljihu ya hau motar kasuwa. A wani ofishi da aka nuna masa ya yi kwana biyu a kan benci. Aka ce mai sa hannu ya tafi taro, ba a san ranar dawowarsa ba, kuma ko ya dawo ba a ba ɗan ƙauye nakiya. Ya fito ya bi ta rijiyar Kusugu, ya leƙa ya ga ruwa yana ƙyalli a ƙasa, ya sha, ya tsaya ya daɗe yana duban yadda magabata suka gyara bakinta. Garin cike yake da sababbin babura da rediyo, ana ta zuba gine-ginen siminti, kuma a bakin kasuwa ga mutanen karkara zube da yara suna jiran hatsin agaji.

Ya sami mai sayar da littattafai, ya ciro nasa ya nuna. "Na huɗun wannan nake nema."

"Baba, babu shi. Kowa tambaya yake. Wasu sun ce marubucin ya sami aiki a kudu wajen masu mai ya bar rubutu, wasu sun ce ya rasu."

Wasu samari biyu ma'aikata, da riguna masu guga, suna jingine da babur suna duba mujallu. Ɗaya ya ce, "Ai ba a yi asara ba. Na biyu ne littafi, inda ƙarafan nan suka yi faɗa a kan gada. Na uku daga farko har ƙarshe haƙa rami ne, barci na riƙa yi."

Mati ya juya gare shi. "Ɗana, kai da ka yi karatu, a ganinka Sada ya sami ruwan?"

Saurayin ya yi dariya, sannan ya dubi hannuwan Mati da suka tsattsage, dariyar ta tsaya. "Baba, labari ne kawai. Yadda kake so, haka ya ƙare."

Da ya koma gida ya tarar Auta tana kwance da zawo, idanunta sun faɗa. Haulatu ta tare shi a bakin ɗaki, ba ta bari ya zauna ba.

"Malam, mu tafi Sandamu wurin yayana. Can rijiyarsu tana da ruwa, ga ɗakin magani kusa. Ruwan nan ne ke cin yarinyar nan."

Da a ce bai shiga ramin ba a ranar, mai yiwuwa da ya amsa. Amma ya shiga kafin magariba, ya shafa dutsen, ya ji wani ɗan sanyi a wata tsaga da wutar ta buɗe. Ya manna kunci a wurin. Ya rantse a ransa danshi ne. Ya fito ya ce mata, "Ki ba ni kwana bakwai. Idan na tafi yau, gobe babu wanda zai rage a garin nan. Kwana bakwai kawai."

Ta dube shi ta ce, "To."

Ya riƙa shiga tun gari bai gama wayewa ba, ba ya fitowa hutun rana. Diga ta karye ya ɗauki dagi. A kwana na biyar, da hantsi, ya ji an girgiza igiya sau uku. Aka jawo shi. Malam Sama'ila ne tsaye a bakin ramin, ya kama hannunsa ya ce, "Mati, sai haƙuri. Wanda ya ba ka ya karɓa."

Aka binne Auta kafin azahar. Haulatu ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Bayan addu'ar uku ta ɗaure kayanta, ta sa 'yan biyu a gaba, ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Malam, na cika maka kwanakinka. Za mu tafi." Bai hana ta ba. Ya raka su har bakin hanya, ya dawo ya ɗauki igiya.

Mako guda bayan haka Zailani ya iso da motarsa babu kaya. Ya ce a Kano ana neman lebura ko nawa ne, gini ake ko'ina, duk mai hannu biyu zai ci abinci. Gida tara suka hau. Ya roƙi yayansa har da hawaye, Mati ya ce saura kaɗan. Dabo, wanda ba shi da sauran ko saniya ɗaya, shi ya hau na ƙarshe. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan taya ya ce, "Mati, zan gaya maka gaskiya. Littafin nan ya cuce mu. Da ba ka karanta mana shi ba, da tun shanuna suna tsaye na kora su kudu. Kowa kunya yake ji a ce shi ne ya gudu ya bar Sada a rami. Ni ban san Sada ba. Kai na sani, kuma kai ma ka yi kuskure a wannan karon."

Masu jan igiya suka rage biyu: Malam Sama'ila da wani tsoho mai ciwon ido. Tafin hannun Malam ya sale har yana ɗaure shi da tsumma, amma kullum bayan asuba yana bakin rami. Mati ya ce masa ya huta, Malam ya ce, "Ni ban yarda da littafinka ba har yanzu. Amma ba a barin mutum a rami shi kaɗai."

Babu itacen da za a tokare gefen ramin da shi, duk an sare an sayar. Wata safiya bangon ya zubo daga sama, ya danne Mati har ƙirji, ya karya masa ƙafar dama a wuri biyu. Tsofaffin biyu suka ja har suka faɗi, ba su motsa shi ba. Yana can ƙasa yana tone kansa da yatsu, yana jin Malam yana kiran sunansa yana cewa ya riƙa salati. Sai wajen la'asar wasu Buzaye masu wucewa suka tsaya, ɗaya ya sauka ya tone shi, aka ɗaura igiyar a raƙumi aka jawo shi.

Wata uku ya yi kwance a gidan mai ɗori a Babban Mutum. A nan ya nemi takarda da fensir ya rubuta wasiƙa zuwa ga marubucin, ta adireshin maɗaba'ar da ke bayan littafin. Kwana tara ya yi yana rubuta ta. Ya gaya masa abin da Dabo ya ce kan raƙuma, da abin da Malam ya ce, da tambayar Haulatu kan abincin yara, da maganar samarin Daura. Ya gyara masa yawan gaban da mutum zai iya haƙawa a yini. A ƙarshe ya rubuta: "Idan za ka yi na huɗu, ina roƙonka kada ka ba Sada ruwa don ka faranta wa mutane. Idan babu ruwa a wurin ka ce babu. Kuma ka faɗi sunayen yaran da suka mutu a wurinsa, don suna da suna." Ba a taɓa ba shi amsa ba.

Damina ta gaba ta yi kyau, wasu suka koma Gidan Kabo. Haulatu ta aiko cewa ita ba za ta sake kwana a garin ba, amma ƙofa a buɗe take idan yana so ya zo. Ya koma Sandamu da ƙafa ɗaya gajera. Bai sake shiga rami ba. Ya sami ɗan teburi a gefen kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Kano da Ikko, yana karanta musu amsa idan ta zo.

A saba'in da bakwai Malam Sama'ila ya aiko masa cewa masu haƙa rijiyar burtsatse sun zo da injin. Mati ya hau jaki ya je. Ya tarar sun kafa injinsu yamma da gari, nesa da gawo, sun sami ruwa a kwana uku. Ya nemi babbansu, ya kai shi bakin tsohon raminsa da ya rufta, ya tambaye shi tsakani da Allah, saura nawa ya rage masa.

Mutumin ya ce sun fara gwada kwarin nan da na'urarsu kafin ko'ina. "Baba, dutsen nan ya yi ƙasa ƙwarai. Ko shekara goma ka yi kana sara, babu ruwa a ƙarƙashinsa."

"Danshin da na ji fa?"

"Wataƙila guminka ne, Baba."

Mati ya yi masa godiya. Ya je ya sha ruwan famfon, ya ce yana da daɗi. Ya tsaya a maƙabarta, sannan ya kama hanya.

Ya iso Sandamu ana kiran la'asar. Haulatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duk abin da mutumin ya ce, bai rage komai ba. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ta kakkaɓe rariya, sannan ta ce, "Da sun ce saura kamu ɗaya ne, da ka fi jin sauƙi?"

Ya yi tunani ya ce, "Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Tashi ka yi salla, ga ruwa can a buta."